Ga mai son zuwa Ostireliya karatun tsutsar kyankyaso

Ƙanena, ba kai ne na farko daga Kano da ya ce in nema masa gurbin digirin digirgir a fannina ba, wai don ya ji ba a rububinsa. Da dalilin da ya sa ba a rububin.

Kyankyason da muke aiki a kansa ba irin na masai ba ne. Macropanesthia rhinoceros sunansa, a jihar Kwinslan yake, ba shi da fiffike, nauyinsa yakan kai giram 30. Rami yake haƙawa mai zurfin kusan mita guda, yana jan busasshen ganyen bishiyar turare yana ci. Kai za ka tono shi da shebur a tsakar rana, ka feɗe shi, ka ciro ƙarshen hanjin. A nan tsutsotsin suke, dangin Thelastomatidae, 'yan milimita kaɗan, suna cin bakteriya. Da su da tsutsar da ke sa yara susar dubura da dare duk dangi ne.

Wahalar tana wajen raba su. Kyankyaso ɗaya sai ka tarar da iri biyu ko uku a cikinsa. Namijin ɗan mitsitsi ne, ko kaɗan bai yi kama da macen ba, har sai an gwada DNA kafin a tabbatar wane ne mijin wace. Watanni za ka yi kana auna maƙogwaro da wutsiyar tsutsa a madubin ƙara girman abu (maikiroskop), idonka na zafi, a gida kuma ana kiranka likitan kyankyaso ana dariya. Masu dariyar nan su ne ke turo lambar asusu ƙarshen wata.

Tallafin RTP, wato kuɗin karatun bincike na gwamnatin Ostireliya, da duniya duka kake takararsa. Kuɗin neman biza kaɗai ya koma dalar Ostireliya 1,600 a 2024, hayar ɗaki a Birisben, babban birnin Kwinslan, kuwa kada ma in fara. Kilishi kuma ka bar shi a Kano, ma'aikatan filin jirgi ba sa wasa da nama.

Ka fara da na gida. Jan kyankyason nan na masai da kwata, Periplaneta americana, yana ɗauke da tsutsotsin Leidynema da Hammerschmidtiella. Ka roƙi madubi a sashenku na Jami'ar Bayero, ka feɗe, ka zana tsutsar, mace da namiji, ka turo min zanen. Shi zan nuna wa farfesa. Takardar sakamakonka kuwa na riga na gani, kada ka sake turowa. Ka gaishe min da Hajiya.