Wane karatu ake yi kafin a zama ɗan sama jannati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi. 'Yata za ta zauna jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare bana, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai na zuwa sararin samaniya. Ga shi an kawo takardar zaɓen makaranta da kwas, ni kuwa ban yi boko mai nisa ba. Wane karatu ake bukata? Anya ɗan Gana zai iya kaiwa can?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya ta, ya yi wa karatunta albarka.

Hukumomin da ke tura mutane sama ba sa neman takardar wani kwas mai suna sama jannati. Wanda ya riga ya ƙware a sana'arsa suke ɗauka, injiniya ko likita ko masanin kimiyya ko matuƙin jirgi, sannan su horar da shi da kansu.

A kiran da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 2024, ta nemi digiri na biyu a injiniyanci, ko lissafi, ko ilimin kwamfuta, ko kimiyyar halittu, ko irin su fiziks da kemistiri. Digirin likita na iya tsayawa a madadinsa. Bayan takarda sai aikin shekara 3 a fannin, matuƙin jirgi kuma sai ya tara sa'o'i 1,000 yana jan ragama. Sai gwajin lafiya mai tsanani. Hukumar Turai, ESA, kusan haka take: digiri na biyu, aikin shekara 3, da Turanci mai kyau. Gasar ce ba ta wasa ba. A kiran NASA na 2020 mutum fiye da 12,000 suka nema, aka ɗauki 10. A na Turai na 2021 sun haura 22,500, aka zaɓi 17. Wanda NASA ta ɗauka kuma sai ya yi horon kusan shekara 2, har da harshen Rasha da aiki a ƙarƙashin ruwa cikin kayan sama.

Inda gizo ke saƙar, Alhaji, shi ne takardar zama ɗan ƙasa. NASA ba ta ɗaukar wanda ba ɗan Amurka ba, ESA ma sai ɗan ƙasashen da ke cikinta, Gana kuwa ba ta da shirin tura mutum sama. Gara ka ji wannan tun yau, ita ma a faɗa mata. Amma kada a kashe mata gwiwa da shi. Yarinyar da ke BECE yanzu sai nan da shekara 15 ko fiye za ta kai matakin nema, kuma abubuwa na sauyawa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai a 2017 ta buɗe shirinta, a 2019 Hazza Al Mansouri ya isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2023 kuma Sultan Al Neyadi, mai digirin dakta a fannin kwamfuta, ya yi wata 6 a can.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ke hannunka, don a nan ƙofa ke rufewa yaranmu na Zango ba tare da an sani ba. A cike mata ɓangaren kimiyya. Cikin darussan zaɓi kada a bari ta saki fiziks da lissafin zaɓi, wanda yara ke kira Ilektif. Mutane za su ce mata yana da wuya, wasu ma su ce ba na mata ba ne. Kada ka saurare su. In babu waɗannan biyun a sakamakon WASSCE, jarrabawar gama babbar sakandare, shiga injiniyanci zai yi mata wuya ƙwarai, kuma gyaran sai an sake jarrabawa. In tana da rauni a lissafi, kuɗin malamin da zai riƙa zuwa gida ya fi amfani yanzu a kan bayan an faɗi.

Daga nan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ba ta da nisa da ku, kuma tana koyar da injiniyancin jiragen sama da na sararin samaniya. Ba dole sai shi ba. Christina Koch, wadda ta yi kwana 328 a sama a tafiya ɗaya, injiniyancin lantarki da fiziks ta karanta, har ta zo Jami'ar Gana da ke Legon ta yi wani ɓangare na karatunta a matsayin ɗalibar musaya. Ta zaɓi fannin da za ta iya zarra a cikinsa, don sakamako mai kyau ne ke kawo tallafin digiri na biyu a waje.

Aikin sama kuma ba duka a sama ake yinsa ba. Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Accra, shi ya jagoranci aikin hannun na'urar InSight da NASA ta saukar a duniyar Mars a 2018, hannun da ya ɗauko kayan awo ya ajiye a doron Mars. Tauraron ɗan'adam na farko na Gana, GhanaSat-1, mai nauyin kilo 1 kacal, injiniyoyi uku daga jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa shi a Japan, aka sake shi a falaki a Yulin 2017. A Kuntunse, kusa da Accra, akwai faifan hangen taurari mai faɗin mita 32, a hannun cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta ƙasa. Duk waɗannan wurare hanyar shigarsu ɗaya ce da ta ɗan sama jannati.

Abu biyu da ba a rubutawa a takardar zaɓe: a koya mata iyo, don ana gwada shi a farkon horo, kuma a kai ta a duba idonta da wuri. Tabarau ba ya hana ɗauka, muddin yana gyara ganin sosai.