Tambayoyinku Kan Rumbun Bayanai: Tebur Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Makaranta Guda

Tambaya: Ni malami ne a wata Islamiyya a Zariya, kuma ni ke riƙe da rajistar ɗalibai. Na zuba komai a tebur ɗaya cikin Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai: sunan ɗalibi, ajinsa, malamin ajin, sunan mahaifi da lambar wayarsa, sai kuɗin zangon farko, na biyu da na uku. Yanzu idan na nemi jimillar abin da ɗalibi ya biya, lissafin ba ya fitowa daidai. Ko manhajar ce ta lalace?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sani, manhajarka lafiyarta lau, teburinka ne ba shi da lafiya, kuma wannan ita ce cutar da ta fi damuna a wasiƙun da ake aiko mini.

Matsala ta farko ita ce ka bar suna ya zama shaidar ɗalibi. Yarinya ɗaya za a rubuta ta Aisha ranar da aka ɗauke ta, A'isha ranar da ta biya kuɗi, sannan Aishatu ranar da wani malamin ya zauna a kujerarka, kuma a wurin kwamfuta waɗannan mutum uku ne da ba su san juna ba. A ɗaya gefen kuma, Muhammad Sani biyu a aji ɗaya za su haɗe su zama mutum guda, kuɗin wannan ya hau kan wancan. Maganin shi ne kowane ɗalibi ya samu lambar da ba ta maimaituwa kuma ba ta canzawa, wadda ita ce babban mabuɗin tebur, kuma Access da kansa zai riƙa ƙirga ta idan ka zaɓi nau'in AutoNumber. Kada ka ce lambar waya za ta yi wannan aiki, domin 'ya'ya shida na gida ɗaya wayar mahaifinsu ɗaya ce, kuma gobe yana iya sauya layi.

Wannan mahaifin shi ne matsala ta biyu. Ka rubuta lambarsa sau shida, ranar da ya sauya ta za ka gyara biyar ka manta ɗaya, daga nan babu wanda ya san wacce ce ta gaskiya. Haka kuma idan ɗalibi na ƙarshe a wani aji ya tashi ka goge layinsa, sunan malamin ajin ya tafi tare da shi, alhali bawan Allah yana nan yana jiran albashi. Tun 1970 Edgar Codd, wani masanin lissafi a kamfanin IBM, ya shimfiɗa tsarin da duk waɗannan manhajoji suke bi, kuma jigonsa shi ne a ajiye kowane bayani wuri ɗaya tak, sauran tebura su riƙa nuna shi da lamba.

Saboda haka ka raba teburin. Iyaye su samu nasu, da lambar kowane uba, sunansa da wayarsa. Teburin ɗalibai ya ɗauki lambar ɗalibi, sunansa, ranar haihuwarsa da lambar mahaifinsa ta teburin iyaye kawai. Azuzuwa da malamansu su koma gefe, sannan wani ƙaramin tebur ya haɗa ɗalibi da aji da shekarar karatu, tunda ɗalibi ba ya dawwama a aji ɗaya. Shi kuwa kuɗi, guraben nan uku na zango su ne suka fi ba ni haushi. Ina za ka sa kuɗin baɗi? Ina za ka sa na uban da ya kawo rabi yau ya ce sauran sai bayan girbi? Kowane biya ya zama layi mai zaman kansa, ɗauke da lambar ɗalibi, kwanan wata, zango da adadi, jimilla kuma ka bar manhaja ta tattaro ta duk lokacin da ka nema. Jimilla da shekarun yaro ba a ajiye su, lissafa su ake yi.

Bayan ka haɗa teburan a tagar Relationships ta Access, ka danna akwatin Enforce Referential Integrity, don kada a iya rubuta biyan kuɗi da lambar ɗalibin da babu shi. Kafin duk wannan kuma, ka zana teburan a takarda da fensir. Wanda ya fara da buɗe manhaja, kamar magini ne da ya ɗora bulo kafin a auna fili.

Tambaya: Duk lambar wayar da na shigar, sifirin farkonta ɓacewa yake yi.

Amsa: Ka gaya wa manhajar cewa gurbin na lissafi ne, ita kuma ta yarda da kai. Mayar da shi nau'in rubutu. Duk lambar da ba za ka taɓa tarawa ko debewa ba, kamar ta waya, NIN, BVN ko ta asusun banki, rubutu ce.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Maraɗi, ina son koyon SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, amma kwamfutata tsohuwa ce. Da wace manhaja zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da SQLite. Kyauta ce, rumbun gaba ɗaya fayil guda ne, kuma tun 2000 da Richard Hipp ya fitar da ita ta bazu har ta kai tana cikin kowace wayar Android da iPhone, wato ta daɗe a jakarki ba ki sani ba. Ki sauke DB Browser for SQLite, manhajar buɗe irin wannan fayil, ki ƙware a umarnin SELECT na zaɓo bayanai, WHERE na sa sharaɗi da JOIN na haɗa tebura, sannan ki wuce PostgreSQL, babbar manhajar rumbun bayanai. Magoya bayan MySQL, wata manhajar irinta, za su yi mini ca, amma ra'ayina ke nan.

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma Excel yana yi mini komai. Me zai sa in wahalar da kaina?

Amsa: Alhaji, muddin kai kaɗai ke rubutawa kuma tebur ɗaya ya ishe ka, ci gaba da abinka. Ranar da yaran shago uku suka fara shigar da bashin kwastoma ɗaya da sunaye uku, ka koma ka karanta amsar malamin Zariya. Excel na yanzu yana ɗaukar layi 1,048,576, tsohon tsarinsa kuma 65,536, kuma wannan tsohuwar iyakar ce ta sa a 2020 hukumar lafiya a Ingila ta tsallake sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona ba tare da an lura da wuri ba.

Tambaya: Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya a MySQL.

Amsa: Teburinka yana kan tsarin haruffa na latin1, wanda bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Mayar da tebur da kuma haɗin da manhajarka take yi da rumbun zuwa tsarin utf8mb4, wanda ya san su. Waɗanda suka riga suka zama alamar tambaya sai dai a sake rubuta su.

Tambaya: Na rubuta umarnin gogewa na DELETE don cire kwastoma ɗaya, sai teburin ya koma fanko. Yaya zan dawo da su?

Amsa: Ka manta WHERE, sharaɗin da ke nuna layin da za a goge, kuma kwamfuta ba ta tambayar ko da gaske kake. Idan ka buɗe aikin da umarnin BEGIN kuma ba ka rufe da COMMIT mai tabbatar da canji ba, umarnin ROLLBACK zai dawo da su. In ba haka ba, ɗauko kwafin ajiyarka na jiya, wanda na tabbata kana da shi tunda ba ka ambace shi a wasiƙarka ba. Nan gaba ka fara gwada sharaɗin da SELECT, ka ga layukan da zai shafa da idonka, sannan ka sauya shi zuwa DELETE.