Shin aikin manhajar ɓoye saƙo zai ci lokacin digirin digirgir a lissafi?

Malam, kan tambayarka ko shekarun da ka yi kana taimaka wa manhajojin ɓoye saƙo na kyauta, waɗanda kowa ke iya duba cikinsu, za su zama cikas yanzu da ka fara digirin digirgir: ni dai ban ga haka ba, kuma kada ka cire su daga takardar bayanin kanka.

Dubi Daniel Bernstein. Yana ɗalibi ya rubuta tsarin ɓoye saƙo mai suna Snuffle, kuma yana ɗalibin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ya kai gwamnatin Amurka kotu a 1995 saboda dokar da ta ɗauki irin wannan manhaja tamkar makami. Daga baya shi ya fito da Curve25519, wani tsarin lissafi na kare sirrin saƙo, wanda a yau Signal da WhatsApp ke dogaro da shi. Ka ga lissafi da rubuta manhaja Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Inda zan ja kunnenka kuwa, iya hujjar lissafi ba ta hana kuskuren hannu. Ɓarakar Heartbleed da aka gano a 2014 a OpenSSL, manhajar ɓoye saƙo ta kyauta da shafukan intanet ke amfani da ita, wani ɗalibin digirin digirgir ne ya shigar da ita ƙarshen 2011. Lissafin lafiya lau yake, kawai an manta a duba tsawon saƙon da ya shigo, sai kalmomin sirrin mutane suka riƙa zuba waje.

Don haka ka fara da karanta aikin wasu da rubuta gwaje-gwaje. Kuma ka shaida wa malamin da ke kula da bincikenka tun wuri, wasunsu ba sa son a raba hankali.