Da kyamara a hannu, me ya sa suka tafi da mai zane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin zane-zane ne. Na ci karo da wasu tsofaffin zane na gidaje a jikin tsauni a Amurka, an ce wani William Henry Holmes ne ya yi su a 1875. Wane ne shi? Tunda a lokacin akwai kyamara, mene ne amfanin ɗaukar mai zane? Kuma za a iya dogara da abin da ya zana?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo mutumin da nake yawan kafa wa ɗalibaina misali da shi.

An haifi Holmes a jihar Ohio a 1846. A 1871 ya tafi Washington koyon zane, ya riƙa shiga gidan tarihi na Smithsonian yana zana abin da ya gani. Nan wani masani, Fielding Meek, ya lura da hannunsa, ya ba shi aikin zana ƙwanson halittun ruwa da suka daskare suka zama dutse. Aikin ƙosawa ne, sai an ƙirga kowane layi, amma shi ya horar da idonsa. A 1872 ya shiga ayarin Ferdinand Hayden, wanda gwamnati ta tura auna ƙasashen yammacin Amurka, kuma kafin a je ko'ina ya zama masanin duwatsu shi ma. A 1875 shi ya jagoranci reshen ayarin da ya shiga kudu maso yammacin yankin Kolorado na Amurka, wajen kogin San Juan da kwazazzabon Mancos.

Kyamarar wancan zamani ba irin ta wayarka ba ce. Mai hoton ayarin, William Henry Jackson, da faifan gilashi yake aiki. Sai ya kafa ɗan tanti mai duhu, ya shafa wa gilashin magani, ya ɗauki hoton, ya wanke shi nan take kafin maganin ya bushe, duk cikin 'yan mintoci. Kayan kuwa a bayan alfadarai suke. A 1873 kaya suka zame daga bayan wani alfadari, gilasan aikin makonni suka farfashe. To yanzu ka ɗora wannan a kan gida da aka liƙa cikin kogo, can sama a jikin dutse, rabinsa cikin inuwa, hanyar hawa kuwa 'yan ramuka ne da magina suka sassaƙa don saka yatsun ƙafa. Jackson ya yi ƙoƙari, shi ya ɗauki hoton wani gida mai hawa biyu a Mancos tun 1874. Sai dai Holmes da fensir da littafi a aljihu yana iya kaiwa inda ɗora kyamara sai an sha wuya. Ga shi kuma yawancin madaba'u a lokacin ba su iya buga hoto kai tsaye cikin rahoto ba, ko hoton ma sai wani ya sake sassaƙa shi a katako ko ya zana a dutsen bugu.

Babban dalilin a wurina shi ne wannan: kyamara tana kwashe duk abin da ke gabanta, mai zane kuwa yana zaɓe. Holmes yakan zana fuskar gidan, sannan ya zana shi kamar an cire rufi ana kallo daga sama, a ga ɗaki nawa ne, ina ɗakin nan zagayayye da ake kira kiva yake. Wani lokaci ya zana tsaunin kamar an yanka shi da wuƙa, a ga yadda kogon ya shige ƙarƙashin dutse mai ƙarfi bayan ruwa ya cinye mai laushi. Ya zana tukwane da tsingaro da adon da ke jikinsu, har da rubuce-rubucen jikin dutse. Duba yadda yake jan layin duwatsu hawa-hawa. Wanda bai san yadda dutse ke kwanciya ba ba zai ja shi haka ba.

Batun dogara, a raba shi biyu. Bango, ƙofa, tsarin ɗakuna, siffar tsauni, a nan ka riƙe shi da kyau. Inda ya sa mutane don a gane girman gini, ko ya cike abin da ya rushe da tunaninsa, a nan ka yi hattara. Ka kuma tuna abin da ya fito a littafi ya bi ta hannun mai bugu. Haka aka yi da zanen Kano da matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya yi bayan zuwansa a 1851: wani mai zane, Bernatz, ne ya gyara shi a Jamus kafin a buga.

Fassararsa ma ta zamaninta ce. Ya fi karkata ga cewa tsoron maƙiya ne ya kai mutanen saman dutse. Yau an auna shekarun itatuwan rufin, an san yawancin gidajen an gina su daga wajen 1190, an bar su kafin 1300, ga kuma dogon fari daga 1276 zuwa 1299. Maginan ba ɓacewa suka yi ba, kudu suka yi ƙaura, jikokinsu su ne Hopi da Zuni da sauran mutanen Pueblo, daga cikin al'ummomin asali na Amurka.

Bayan nan tauraronsa ya ci gaba da haske. A 1880 ya bi masanin duwatsu Clarence Dutton zuwa katafaren kwazazzabon nan Grand Canyon, inda ya yi zanen da har yau masana duwatsu ke jinjina wa. Ya shugabanci hukumar nazarin al'ummomin asali na Amurka daga 1902, sannan gidan zane na ƙasa daga 1920, ya rasu a 1933.

Abin da ke ba ni dariya da tausayi tare shi ne, mafi girman gidajen nan, Cliff Palace mai ɗakuna wajen 150, yana cikin wani reshen kwazazzabo ba nisa da hanyar da Holmes ya bi. Ya wuce bai leƙa ba. Sai a Disamba 1888 wasu makiyaya biyu, Richard Wetherill da Charlie Mason, suka hango shi suna neman shanunsu da suka ɓace.