Yadda za ka shigar da mataimakin git ɗinka rumbun Debian

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta 'yar manhaja da bash mai share rassan git (manhajar da ke bin diddigin sauye-sauyen lambar manhaja) da aka riga aka haɗe, kana so mutane su riƙa sauke ta da apt, manhajar girka fakitoci a tsarin Linux na Debian.

Fara da suna. Idan fayil ɗin git-share ne kuma yana cikin /usr/bin, git da kansa zai gane shi, mutum ya buga "git share" kawai. Kada ka kai shi /usr/local, dokar Debian ta bar wa mai kwamfuta wannan wurin. Abin da ake yawan mantawa: "git share --help" shafin man (shafin bayanin yadda ake amfani da umarni) mai suna git-share yake nema, don haka ka rubuta git-share.1, in ba haka ba lintian, mai duba kurakuran fakitin Debian, zai yi ƙorafi.

A fayil ɗin debian/control ka sa Architecture: all tunda ba a harhaɗa komai, sannan git ya shiga Depends, jerin abin da manhajar ke buƙata don ta yi aiki. In kana da gwaje-gwaje, git ya shiga Build-Depends ma, jerin abin da ake buƙata lokacin gina fakitin. Nan ne ake shan wuya. Injinan gini na Debian ba sa barin a taɓa intanet, kuma babu user.name da user.email a can, sai commit (adana sauyi a git) na farko a gwajin ya faɗi. Ka saita su a cikin gwajin, ka gina da sbuild, mai gina fakiti a keɓantaccen wuri irin na injinan Debian, kafin ka ce ka gama.

Sauran aikin takarda ne: lasisi a debian/copyright, rahoton ITP (sanarwar niyyar haɗa fakiti) a kan wnpp, inda Debian ke tara irin waɗannan rahotanni, sai ka ɗora a mentors.debian.net ka nemi wani ɗan Debian da zai tsaya maka ya shigar da fakitin rumbun. Wannan jiran kan kai watanni, shi ya sa ni zan fara ajiye fakitin .deb ɗin a shafin aikin tukuna.