An rubuta mini tara bayan hatsari, laifin ya hau kaina ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tafe a kan babban titi a Kano, wani mai adaidaita sahu ya fito daga lungu bai tsaya ba, muka yi karo. Alhamdulillahi ba wanda ya ji rauni. Da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suka zo, sai suka tarar lasisina ya ƙare, suka rubuta mini tara. Yanzu shi da 'yan ƙungiyarsu sun dage cewa tunda ni aka ba takarda, duk gyara a wuyana yake. Hankalina a tashe yake. Haka doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ba haka doka ta ce ba. Tarar naira 10,000 ta lasisi tsakaninka da hukuma ce. Wanda zai biya gyara kuwa, abin da ake dubawa shi ne sakacin wa ya jawo karon. Ƙarewar lasisinka ba ita ta fito da adaidaita daga lungu ba, kuma mai shigowa babban titi shi ke da alhakin tsayawa ya ba da hanya.

Da a ce an rubuta ka ne kan keta danja, ko bin hannun da ba naka ba, ko amsa waya kana tuƙi, da maganar ta yi nauyi, don waɗannan laifuka ne da ke haifar da karo kai tsaye. Ko a nan ma kotu na iya raba laifin. Idan ta ga kana gudu fiye da kima, shi kuma ya faɗo titi bai duba ba, sai ta rage masa diyya gwargwadon nasa sakacin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hukuncin bakin titi, wai "mai mota shi ke biya". Jama'a su taru, kowa ya zama alƙali, a kai mutum caji ofis, a miƙo masa farar takarda a ce ya rubuta cewa ya amsa laifi zai yi gyara, don a huta. To, wannan takardar ta fi ta FRSC haɗari nesa ba kusa ba. Da hannunka ka rubuta, ka sa hannu gaban shaidu, gobe a kotu ita za a fara ɗagowa. Kamfanin inshora ma yakan sa sharaɗin kada ka amsa laifi ba da izininsa ba. Kuma irin wannan alkawari ba shi da iyaka: yau gilashi ne, jibi a ce inji ya taɓu, gata a kawo lissafin balas na kwanakin da adaidaitar ba ta fita ba. Masu cewa "sa hannu kawai, mu za mu san yadda za a yi" ba za su biya maka ko sisi ba.

Ka biya tarar ta hanyar da aka nuna a takardar, ka adana rasit, ka sabunta lasisi. Ka nemi zanen wurin hatsari da 'yan sandan kula da zirga-zirga suka yi, da rahoton jami'an duba lafiyar motoci (VIO) kan motocin biyu. Wurin da mota ta lotse yana magana: lotsewa a ƙofar gefe tana nuna shi ya shigo maka. Ka ajiye hotuna da lambobin wayar shaidu biyu.

Sannan ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce ba tare da jinkiri ba. Tun Janairun 2023 inshorar wajibi ta motar gida naira 15,000 ce, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3, amma ba ta gyara motarka. Ka fara duba lambar motarka a NIID, wato rumbun bayanan da ake tantance sahihancin inshora, don inshorar 'yan cuwa-cuwar bakin ofishin lasisi sau da yawa ta bogi ce. A nan ne lasisin zai iya cizonka, domin kamfani na iya kafa hujja da ƙarewarsa, saboda haka ka kai wa lauya takardar inshorar ya karanta sharuɗɗanta kafin ku sake zama da 'yan ƙungiyar.