Amsar Anti Nas a kan hifnosis da maganar "farar ƙafa"

(An rubuto wannan daga muryoyi uku da Anti Nas ta turo guruf ɗinmu na mata a daren Laraba, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba. Ita ta ba da izini.)

Murya ta farko

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya gajiya, ya yara? Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na shigo daga aiki, cunkoson Kawo a nan Kaduna ya riƙe mu har bayan magariba.

Ƙanwata, na saurari muryarki sau uku. Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce ta ga wata Baturiya a TikTok tana cewa da hifnosis ana goge wa mutum mugun tunanin da yake yi wa kansa. Tana tambaya ko gaskiya ne, kuma ko ba sihiri ba ne. Sai ta rufe da maganar da ta tsaya mini a wuya, wai ita dai ta san mai farar ƙafa ce, tun da ta shiga gidan mijinta arziki ya kama hanya.

Zan amsa miki tambayar, amma bari in fara da wannan ta ƙarshen. An ɗaura miki aure farkon 2023. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, wata guda bai cika ba aka saki naira, dalar da take ɗari huɗu da wani abu a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Mijinki kayan gyaran mota yake sayarwa a Panteka, kayan da da dala ake shigo da su. Ba shi kaɗai jarinsa ya karye ba, ki shiga layin nasu ki tambaya. Ba ƙafarki ce ta taɓa dala ba, ƙanwata. Wani ne ya faɗi kalmar nan a tsakar gida, wata ta maimaita a wurin suna, ke kuma kika ɗauke ta kika shiga da ita ɗaki. Yau da bakinki kike faɗa, har da "na sani".

To wannan shi ne abin da masana halayyar ɗan Adam suke kira labarin da mutum yake ba kansa. Kowa yana da shi. "Ni ba ni da sa'a." "Ni ba na riƙe aure." "Mu a gidanmu ba a yin boko." Jimla ɗaya ce tak, amma ita take tace maka duk abin da ya faru. Abin da ya yi daidai da ita ka adana, wanda ya saɓa mata ka manta.

Shi hifnosis kuwa, sunan daga kalmar Girkanci ta barci ya fito, amma ba barci ba ne. Tattara hankali ne wuri guda, jiki ya saki, har surutun nan na cikin kai ya lafa. Kin taɓa zama kina tsintar shinkafa a faranti, a kira ki sau biyu ba ki ji ba? Ko kina sauraron wasan kwaikwayo a rediyo har miya ta kama? Ba suma kika yi ba, hankalinki ne ya tafi wuri ɗaya. To irin wannan yanayin ne, sai dai da gangan ake shiga, tare da wanda ya san aikin.

Maganar sihiri, ai su kansu Turawan da wannan ruɗanin suka fara. Akwai wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, da ya cika birnin Paris da da'awar cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake fita daga jikinsa ya warkar da mutane. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamitin masana, har da Benjamin Franklin na Amurka a ciki. Suka riƙa rufe wa mutane ido suna gwadawa, suka gano babu wani ƙarfi da yake fita daga jikin kowa, abin da mutum ya sa a ransa ne yake aiki. Bayan shekara kusan 60 wani likitan tiyata a Manchesta ta Ingila, James Braid, ya nuna ko abu mai ƙyalli ka sa mutum ya ƙura wa ido ya natsu, zai shiga yanayin. Babu turare, babu kiran sunan wani abu, babu yanka. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a magani a 1955, ta Amurka a 1958. Hukuncin addini kuma na bar wa Malama, tana cikin guruf ɗin nan, ni yadda abin yake a ɗakin likita nake faɗa.

Bari in kashe wannan, yaro yana buga ƙofa.

Murya ta biyu

Yauwa, na dawo. Zan ba ku labarina, wanda ko a gidanmu ba kowa ya sani ba.

Ina aji huɗu a firamare, wani malami ya tashe ni in karanto jadawalin bakwai. Na kai bakwai sau shida na tsaya. Ya zo ya ƙwanƙwasa mini kai da dasta, ƙurar alli ta zubo mini a gira, ya ce wa aji, "Ku kalli daƙiƙiya." Aji ya kwashe da dariya. Shi ya manta kafin a tashi tara. Ni na ɗauke ta shekara 30 da ɗoriya. Na yi makarantar jinya, na ci jarrabawa, na yi aiki, amma duk ranar da zan lissafa adadin maganin da za a ba majinyaci sai hannuna ya ɗauki rawa. In lissafa, in sake, in kira wata ta duba mini, alhali daidai ne. Sau biyu ana ba ni damar ƙaro karatu ina ƙi, ina cewa yara ne. Ba yara ba ne. Muryar nan ce.

Wata abokiyar aikina, masaniyar halayyar ɗan Adam ce da ta koyi wannan fannin a waje, ita ta lura. Wata rana ta zaunar da ni a ofishinta. Kujerar roba ce, fanka tana juyawa tana ƙara. Ta ce in kalli wani ƙusa da ke bango, in riƙa jan numfashi ina sauke shi a hankali, tana ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya. Idona ya yi nauyi na rufe. Hannuwana suka yi kamar an ɗora musu buhu. Amma wallahi ina jin komai, har kiran sallar azahar daga masallacin asibiti da ƙarar tayar gadon da ake turawa a baranda. Da na so tashi, da na tashi.

Ta ce in hango yarinyar nan 'yar shekara tara a tsaye gaban allo, amma kada in shiga jikinta, in tsaya a gefenta a matsayin uwar da nake yanzu. Ta ce, "Me kike gani?" Sai na ga ƙafafunta sun yi furu-furu, wuyanta ya rame, rigar makaranta ta yi mata yawa. Sai na ce, "Ai daga ƙyanda ta tashi." Mako uku na yi a kwance, a lokacin aka koyar da jadawalin. Ku lura, ba sabon abu na tuno ba. Na san na yi ƙyanda, Inna ta sha faɗa. Amma ban taɓa haɗa shi da ranar nan ba, don labarin "daƙiƙiya" ba shi da wurin ajiye ƙyanda. Na yi kuka sosai. Ta ce, "Me za ki ce mata?" Na ce, "Ba a koya miki ba aka tambaye ki."

Wannan jimlar ita ta maye gurbin waccan. Ba ita ta ba ni ba, daga bakina ta fito, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta zauna. Da cewa ta yi in riƙa maimaita "ni ce mafi basira a duniya", da zuciyata ta ƙaryata ni nan take. Zama huɗu muka yi, ta naɗa mini muryarta a waya, ina saurare bayan asuba na wasu makonni. Ban ce muryar malamin ta mutu ba, takan leƙo. Amma yanzu in ta zo na san ta wane ce, kuma hannuna ya daina rawa.

Daga baya na karanta tarihin wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Milton Erickson, wanda ya rasu a 1980, shi ne ya shahara da amfani da labarai a cikin hifnosis. Yana da shekara 17 shan inna ya kwantar da shi. Shi da kansa ya ba da labarin yana kwance ya jiyo likitoci suna gaya wa mahaifiyarsa ba zai kai safe ba. Ya kai. Ya zauna yana kallon ƙanwarsa jaririya tana koyon tsayuwa, yana tuno yadda gaɓoɓinsa suke motsi a da, har ya sake taka ƙasa. Mutumin da aka yanke wa labari a gabansa ya ƙi karɓa, ba mamaki ya ƙare rayuwarsa a wannan aikin. Akwai kuma wasu biyu, Michael White na Ostareliya da David Epston na Niyu Zilan, da suka gina hanyar magani guda a shekarun 1980 a kan raba mutum da matsalarsa. Ba hifnosis suke yi ba, amma tushen ɗaya ne: ke daban, abin da ya same ki daban.

Kuma mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisin Nana A'isha yana nan a Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya ce "khabusat nafsi", raina ya zama mugu, ya ce sai dai ya ce "laƙisat nafsi", raina ya ƙuntata. Yanayin guda ne, amma an hana ka zaɓar wa kanka mummunar kalma. Malama, in na yi kuskure a gyara mini.

Murya ta uku

Wannan ita ce ta gargaɗi, don Allah a saurara har ƙarshe.

Matar TikTok ta ce ana gogewa. Ba a gogewa. Ƙwaƙwalwa ba waya ba ce. Abin da ya faru yana nan, ma'anar da kika ba shi ce take canzawa. Kuma ba kowa yake shiga yanayin da zurfi ɗaya ba. Cikin mutum 100, kamar 10 zuwa 15 ne suke shiga sosai, wasu kamar haka kusan ba ya kama su, sauran muna tsakiya. Wadda bai yi mata ba, ba laifinta ba ne, akwai maganin tattaunawa da yake gyara tunani ido biyu, kuma shi ya fi yawan hujjar bincike a kan damuwa da fargaba. Inda hifnosis ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne rage zafin ciwo, da tsoro kafin tiyata, da ciwon hanjin nan mai kumburi da murɗa wanda gwaji ba ya nuna komai. Tun 1984 Farfesa Peter Whorwell ya gwada shi a Manchesta a kan wannan ciwon, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idar magani a Ingila ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa in magunguna sun gaza.

Babban abin da nake tsoro shi ne wannan. A cikin yanayin nan zuciya tana saurin karɓar abin da aka jefa mata. Duk wanda ya ce zai tono miki abin da kika manta, ki ɗauki jakarki ki fita. A Amurka a shekarun 1980 da 1990 gidaje sun watse saboda an sa mutane sun "tuno" abin da bai taɓa faruwa ba, suna rantsuwa a kai da zuciya ɗaya. Shi ya sa kotuna da yawa a can suke taƙaita shaidar da aka samo ta wannan hanyar. Ku kwatanta a nan garin, wani ya kwantar da ke ya ce, "Duba da kyau, wa kike gani yana binne abu a ƙofar ɗakinki?" Wallahi za ki ga kishiya ko uwar miji, kuma zumunci ya tafi ke nan. Mai aikin gaskiya ba ya sa miki suna a baki.

Don haka kada ki tura wa kowa kuɗi a intanet saboda ya rubuta "ƙwararre" a shafinsa. Takardar kwas ɗin mako biyu ba ta mai da mutum likita. Wanda zai taɓa wannan wurin ya zama likitan ƙwaƙwalwa ne ko masanin halayya mai lasisi, wanda ko ba hifnosis zai iya kula da ke. Ki je da 'yar uwarki ta zauna a ɗakin in kin fi natsuwa da hakan, haƙƙinki ne. Wanda kuma yake jin muryoyi ko ganin abin da ba a gani, hifnosis ba nasa ba ne, likita yake buƙata kai tsaye.

Ƙanwata, kin ce barci ya ƙaurace miki wata biyu, abinci sai an matsa, kina zama ki yi ta kuka ba dalili. Wannan ya wuce a ce ki yi haƙuri. Ina so a fara duba ki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, akwai likitoci da masana halayya. Na san sunan da ake kiran wurin da shi a gari, kuma na san shi yake hana mata zuwa. Masu zuwa can yawancinsu irina ne da irinki, da ƙafarsu suke shiga su ga likita su hau Keke su koma gida. Ko dokar ƙasa ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya ne, kada ki jira safiya, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Kafin nan ga abin da nake so ki yi a daren nan. In yara sun kwanta, ki zauna a kan sallaya, ki sauke numfashi a hankali sau goma. Ki hango kanki, amaryar nan da aka kai Rigasa da kayan ɗakinta, ki tsaya a gefenta kamar yayarta. Ki duba me yake faruwa a kasuwa a watannin nan, wa ya sayar da 'yan kunnenta aka biya kuɗin haya, wa yake tashi da asuba yana soya awara. Abin da kika gani ki rubuta a takarda, kada ki turo guruf, naki ne.

Hajiya, ku kuma manyanmu, don Allah in an sake faɗin kalmar nan ta "farar ƙafa" a gabanku a wurin biki ko suna, a kan ko 'yar wa ce, ku tsawatar. Ku ake jin nauyi.

Ranar Litinin ba ni da aikin safe. Ki shirya ƙarfe bakwai da rabi, zan biyo in ɗauke ki mu je tare, ki gaya wa maigidan tun yau. Sai da safenku.